Baƙar Igiyar da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Littattafaina

Sabon Gari, Maraɗi
Laraba, bayan azahar

Yaya Lawali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina roƙon Allah ya sa tafiyar gobe ta zama ta alheri, ya kai ka Agadas lafiya, kai da gitarka da mutuncinka, ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronsa.

Zan faɗi mai nauyin tun yanzu, don idan na bari sai ƙarshe na san kaina, yaga takardar zan yi. Ni na ƙona ampilin Baba. Ba kai ba ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna, ko ƙawata Balki da nake gaya wa komai. Shekara guda ke nan da wani abu kana ɗauke da laifina, ina kallonka muna cin tuwo a tsakar gida ɗaya.

Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka neme ni.

Na san ba ni ya kamata in rubuta maka irin wannan wasiƙa ba. Aikin iyaye ne. Amma kai ɗan fari ne, Baba da Inna ko sunanka ba su faɗa, balle su zaunar da kai su yi maka doguwar magana. Inna za ta ƙulla maka dambu da ƙuli-ƙuli ta juya baya tana goge ido da bakin zane. Baba zai ce wa bango "Allah ya tsare." Shi ke nan. Ni kuwa sunan mahaifiyar Baba na ci, shi ya sa yake ce mini Uwata. To yau zan karɓi sunan da gaske. Ka ɗauka kakarka ce ke magana, ko da shekarunta sha shida.

Ga yadda abin ya faru.

Ka tuna bikin Tsibiri, ranar farko da Baba ya yarda ka fita da tsohon ampilinsa na ƙara sauti kai kaɗai, wannan mai kwalabe a ciki da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Kwana biyu kafin bikin na shiga shago ina shara, na buɗe jakar kayanka. Na ga igiyar da ke haɗa ampili da akwatin lasifika: baƙa, gajera, mai kauri kamar wutsiyar jaki, an naɗe wuyanta da sikoc, salatif ɗin nan, har ya yi ƙulli. Kunya ta kama ni a madadinka. Na san Zuwaira za ta je bikin, na kuma san yadda kake rasa bakin magana idan ta zo sayen pil, wato batir, a shago. A lokacin ina tsakiyar wani littafin soyayya da Balki ta ara mini, kaina cike da shi. Na riga na gama tsara komai: kana tsaye da farar shadda, kana kaɗa gita, ta ɗago ido, iska ta ɗan ɗaga mayafinta. Cikin wannan hoton nawa babu wurin wutsiyar jaki.

Sai na fasa asusuna na tafi kasuwa. A teburin wani mai kayan wuta na ga wata igiya da aka saƙa mata riga ja da ruwan zinariya, kawunanta na ƙyalli. Na gwada kanta da na tsohuwar, iri ɗaya sak. Na tambayi mai teburin ko za ta yi wa ampili, ya ce, "Ƴanmata, wagga ko jirgin sama kika sa ma ita sai ya tashi." Na saya. Na sa ta a jakarka, na ɗauke baƙar na kai akwatina, na danne ta da littattafai. Na kwana biyu ina murmushi ni kaɗai, ina jiran ranar da za ka gane ni ce, ka ce ashe ƙanwar nan tawa tana da hankali.

Ina wurin, Yaya. Ina bayan su Gwaggo, kusa da randunan ruwa. Waƙa biyu sun tafi lafiya, mata sun cika fili. A ta uku, bayan la'asar, ka ƙara murya don masu rawa sun yi yawa. Sai sautin ya fara shaƙewa kamar mai mura, wari ya taso irin na robar da ta faɗa murhu, sannan hayaƙi siriri ya fito ta bayan ampili. Shiru. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Kai ɗan mai lasifika, turaren wuta munka ce a kawo ko kiɗi?" Aka fashe da dariya. Mata suka kifa ƙwarya a ruwa suka ƙarasa bikinsu da ita, kai kana durƙushe kana hura bayan ampili da baki.

Da muka dawo Baba bai yi faɗa da farko ba. Ya ɗauki jar igiyar, ya murɗe kanta ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ina tawa?"

Ka ce, "Wagga na iske cikin jaka, Baba. Na zaci kai ka sa ta."

Ya ce, "Da ƙahwarta ta shiga?"

Ka sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ƙarhe ya ƙone, ana gyara shi. Amma in aza ma yaro amana ya dube ni ya yi mani ƙarya don son ado, wanga ban san inda ake kai shi gyara ba."

Ina bayan labule. Kalma uku kawai ake nema daga bakina. Na buɗe bakin, wallahi na buɗe, ba abin da ya fito. Daga ranar ka daina shiga shago, ka koma kabu-kabu, gitarka sai a ɗakin abokai. Ni kuma da Baba ya rasa mai riƙe masa waya idan zai liƙa dalma, don hannunsa ya fara rawa, sai na zauna a kujerarka. Ba don ƙwazo ba. Ina son in san me na aikata ne.

To ga abin da na sano, kuma shi ne farkon abin da zan ce ka riƙe. Igiyar gita da igiyar lasifika kawunansu ɗaya, rami ɗaya suke shiga, amma cikinsu ba ɗaya ba ne. Ka murɗe kan ka duba da idonka. Idan ka ga waya ɗaya siririya a tsakiya kamar gashi, an kewaye ta da saƙar ƙananan wayoyi, ta gita ce. An yi ta don ɗaukar ɗan sautin da ke fita daga gita, saƙar kuma tana kare shi daga ƙugi. Idan ka ga wayoyi biyu masu kauri ɗaya, kowace da rigarta, kwance gefe da gefe, ita ce ta lasifika. Abin da ke fita daga ampili zuwa lasifika ƙarfi ne sosai. Na tura shi ta cikin gashi guda, gashin ya yi zafi, robar ta narke, wayoyi suka haɗu, abin ya koma ya ci cikin ampili. Na san ka san rabin wannan. Amma kai ma ranar ba ka buɗe ba, don ka yarda da jakar gidanku. A Agadas jakar ba ta gidanku ba ce. Duk igiyar da aka miƙo maka, ko shugaban ƙungiyar makaɗan da ta ɗauke ka ne ya miƙo, ka buɗe kanta. Idan mai sayarwa ya hana ka buɗewa, ka yi masa sallama ka wuce teburi na gaba.

Kada kuma kauri ya ruɗe ka yadda ƙyalli ya ruɗe ni. Akwai masu ƙatuwar riga, ka yanka ka tarar roba ce zalla, wayar ciki ba ta kai tsinken tsintsiya ba. Baba kan kankare bakin wayar da wuƙa. Idan ja ce har ciki, jan ƙarfe ne na gaske. Idan ta yi fari daga an kankare, shafe aka yi mata, sai ya jefar ya ce, "Amaryar kwana ɗaya." Kuma idan wata rana ka rasa ta lasifika a ƙauyen da ba kasuwa, gara ka nemi wayar wuta mai kauri mai layi biyu, ka cire mata kan da ake sawa a bango gaba ɗaya, ka liƙa mata kawunan lasifika, da ka ari ta gita ko da ta minti biyar ce. Na ga Baba ya yi haka da wayar tsohon dutsen guga, ta yi aiki lafiya.

Juyin abin ma na gwada, da gangan, ranar da Baba ya tafi jana'iza. Na sa igiyar lasifika tsakanin gita da ƙaramin ampilin shago. Ba abin da ya ƙone, amma ƙugin da ya tashi kamar an taɓa gidan zuma, har Inna ta leƙo tana tambaya ko injin markaɗe muka saya. Saboda haka idan ka ji ƙugi, kafin ka zargi gitarka ko wutar gari, ka duba ko igiyoyin sun yi musanya.

Kuskurena na biyu a wani bikin suna ne nan Sabon Gari. Baba ya bar ni na liƙa kawunan igiyoyi biyu da kaina, lasifika biyu za a kai. Ina liƙawa ina leƙa littafi a cinyata, an zo wurin da saurayin ya dawo daga tafiya bai sami yarinyar ba. A ɗaya na sa jar waya a tsinin kai, a ɗayar na juya. Da aka kunna, sauti na fita, amma ba shi da ƙirji. Ganga kamar ana buga faranti. Uwar jego ta aiko a tambaya ko lasifikan azumi suke yi. Da muka dawo ya ɗauko pil ɗaya, ya taɓa bakin igiya ta farko, takardar lasifika ta turo waje. Ya taɓa ta biyu haka nan, ta shige ciki. Ya ce, "Kin gani, Uwata? Ɗaya na turawa, ɗaya na ja. Kowanensu aiki yake da gaske, amma wahalar banza suke sha." Ya dubi ƙofa inda kake wanke babur, ya ƙara da cewa, "Gida ma haka yake." Ban sani ba ko ka ji.

Ka riƙa yawo da pil ɗaya a aljihun jakar gita. Ja a tsini, a kowane kai, kullum. Kuma idan kana liƙa dalma kada ka yi tunanin kowa. Na san da wa nake.

Na uku ƙarami ne amma ya fi yawan faruwa. Ni na saba naɗe igiyar guga a gwiwar hannu, haka na riƙa yi wa na shago, ina ja ina ɗaurewa tamau don su yi kyau a ƙusa. Wata biyu sai ga uku suna ƙar-ƙar idan an taɓa su. A wuya suke karyewa, daidai inda waya ta shiga kai, kuma daga waje ba ka ganin komai. Ka naɗe ta sako-sako, zagaye mai faɗi, yadda take so ta kwanta da kanta. Idan za ka cire, ka kama kan, kada ka fizgo ta daga nesa don ana kiranka. Kada ka bari ta bi inda mata ke rawa, ko inda babura ke wucewa. Kuma kada ka ɗauki doguwa inda gajera za ta isa, don kowane taku na tsawonta yana shan wani abu daga ƙarfin sautin. Idan dole sai doguwa, to ta ƙara kauri.

Yanzu ga wanda ba nawa ba. Na Baba ne, kuma na tabbata ba don ni ya faɗe shi ba.

Wata rana da hantsi muna cikin tsohon ampilin, don ka sani bai taɓa jefar da shi ba, kana zaune a dakalin waje kana jiran mai hawa. Baba ya ɗaga murya fiye da yadda ake yi wa wanda ke kusa da kai. Ya ce lokacin yana saurayi, yana yaron wani mai kayan sauti, an kai su biki Jiratawa, can wajen lambuna. Maigidansa ya tafi salla ya bar shi ya haɗa kaya. Ƴanmatan garin sun taru suna kallonsa, shi kuma yana son su ga fitilun nan sun kama. Ya kunna ampili, ya ɗau gita ya yi ta bugawa, ya ƙure murya yana mamakin shirun, ashe bai sa igiyar lasifika ba sam, tana rataye a wuyansa. Irin waɗannan masu kwalabe ba su jure a buga su ba lasifika, ƙarfin ba ya samun mafita sai ya ci kansa. Ya ce warin da ya ji a ranar shi ne ya ji a jikin rigarka da ka dawo daga Tsibiri.

Na ce, "Baba, me ka ce wa maigidan naka?"

Ya ce, "Na ce wutar injin ce ta yi yawa."

Na ce, "Ya yarda?"

Ya ce, "Ya yi kamar ya yarda. Har ya rasu ban gyara maganar ba." Ya juya ƙarfen dalma a hannunsa, ya ce, "Shi ya sa ban son ta ga nawa."

Ka gane, Yaya? Ba ampilin ne ya yi masa ciwo ba. Ya dube ka ya ga kansa, alhali kai gaskiya ka faɗa. Mai irin halin nasa tana gefensa tana riƙe masa waya, yana ce mata Uwata. A ranar ma na buɗe baki. Sai wani ya shigo da rediyo, na ce Allah ya kawo mini sauƙi, na sake yin shiru.

Nasihar da ke cikin wannan kai ka san ta: lasifika tukuna, sannan wuta. Ka haɗa, ka bi igiyar da hannu daga rami zuwa rami, ka duba lambar da ke bayan ampili ta dace da ta bayan akwatin, takwas da takwas, sannan ka kunna. In za ka kwance, ka kashe tukuna. Ko ampilin da za su ba ka can ba mai kwalabe ba ne, ka riƙe wannan al'ada, ba ta da asara. Ɗaya nasihar kuwa ba ni da bakin yi maka ita, ni ya kamata a yi wa. Abin da zan ce kawai, idan ka ɓata wa mutanen can wani abu, ka faɗa a ranar, kafin rana ta faɗi. Na ɗauka idan na jira zai yi sauƙi. Kullum ƙara nauyi yake.

A cikin jakar gitarka, aljihun gefe, za ka ga igiyoyi biyu da na haɗa maka da hannuna. Baba ya gwada su da pil bai ce komai ba, ka san a wurinsa yabo ke nan. Na ɗaura wa ta lasifika jan zare a kowane wuya, irin wanda nake ɗinkin hula da shi, don ko cikin gaggawa, ko wani ne ya taya ka haɗa kaya, ka ce masa mai jan zare ita ke zuwa akwati. Ta gita ba ta da zare. Duk wadda ka saya nan gaba ka yi mata haka. Ba su da kyau, na sani. Na daina zaɓar masu kyau.

Saura labari biyu masu daɗi, don kada ka ce kakarka ba ta iya komai ba sai kuka.

Na ɗaya, ranar kasuwar Tsibiri da ta wuce na haɗu da Zuwaira wajen masu lalle. Ta ce, "Habsu, wai da gaske yayanki zai tahi?" Na ce da gaske. Ta ce, "To ki ce mashi waƙa ta ukun nan bai ƙare ta ba, ana bin shi bashi." Ta ja mayafi ta wuce da sauri. Wallahi ban ƙara ko kalma ba, ko da yake na so in ƙara.

Na biyu, ampilin ya tashi. Shekaranjiya, kana wajen sallama da abokanka. Kwalaben suka yi ja, Baba ya taɓa bakin igiya da yatsa, akwatin ya yi gurnani. Ya kashe, ya rufe shi da tsohon zanen Inna. Da doguwar igiyar shago ya gwada shi, yana naɗe ta yana cewa, "Wagga ta yi mashi tsawo. Tawa ta da ita ce daidai shi." Jiya kuma, yana shan shayi, ya tambaye ni, kamar maganar ba ta dame shi ba, wai motocin Agadas suna ɗaukar kaya mai nauyi a sama? Na ce suna ɗauka. Ya ce, "Hm."

Yana son ya ba ka ampilin, Yaya. Ya rasa ta inda zai fara ne, don maganar nan tana tsaye tsakaninku. Kuma ni na ajiye ta a wurin.

Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a inda za ka sauka. Ya kare ka daga sharrin wuta da na ƙarfe da na baki. Ya sa hannunka ya zama sanadin farin cikin mutane, ya sa ka riƙe salla ko ana tsakiyar biki. Ya dawo mana da kai muna masu rai, ka same mu lafiya. Idan ka yafe mini, Allah ya saka maka. Idan sai ka ɗau lokaci, zan jira, kai ma ka jira fiye da haka.

Niyyata da na fara rubutun nan ita ce in cusa takardar a ƙasan dambun Inna, ka gan ta bayan kun wuce Dakwaro, inda ba za ka iya juyowa ka dube ni ba. Yanzu da na karanta abin da na rubuta, na ga wannan ma ɓoyewa ce a bayan labule. Kai za ka sani, Baba ba zai sani ba, ampilin kuma ya zauna a ƙarƙashin zane.

Na fito da baƙar igiyar. Ga ta a cinyata, sikoc ɗinta na nan yadda yake, sai ƙanshin littattafai da ta ɗauka. Ina jin ƙarar babur ɗinka a bakin lungu, Baba kuma yana shago, ya idar da la'asar. Ba zan jira gobe ba. Zan miƙa maka takardar hannu da hannu a gabansa, in ɗora igiyar a teburinsa. Idan muryata ta sake ƙin fita, ka karanta masa sakin layi na biyu da ƙarfi.

Ƙanwarka, kuma kakarka ta yau kaɗai,
Habsu